Peugeot 504 ta mahaifina tana haɗa ruwa da baƙin mai: a gyara injinta ko a sauya shi?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san 504 ciki da bai, musamman iyayenmu da suka yi aikinta da hannunsu.

Motar GL ce haɗin Kaduna, ta 1979, injin fetur mai lita 2, giya huɗu. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Sabuwa fil ya ciro ta da bashin mota lokacin yana aikin gwamnati, kuma da aka zo rabon gado ni na roƙi 'yan'uwana a saka ta a kasona. Ba da ita nake neman abinci ba, akwai ƙaramar motar da nake zuwa aiki da ita. Wannan ta masallacin Juma'a ce, da ɗaurin aure, da zuwa gaida Hajiya a Zariya. Bodinta da sauran ƙarfi, sai 'yar tsatsa a ƙasan ƙofofin baya da cikin but. Kujerun na asali ne. Rana ta fasa dashbod, wannan kam na bar shi tukuna.

Matsalar ta soma ne a bazarar bana. In na shiga cunkoso wajen Kawo sai allurar zafi ta yi sama, in hanya ta buɗe ta sauko. Sai kuma ruwan lagireto ya riƙa raguwa, alhali ba na ganin ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Ruwan famfo ake zuba mata tun zamanin Baba, da shi nake cikawa. Makon jiya na zaro ma'aunin baƙin mai, na tarar man ya koma kalar shayi mai madara, ga farin kumfa a ƙarƙashin murfin da ake zuba mai. Daga nan ban sake tayar da ita ba, janta aka yi zuwa gareji.

Makanikin da ke duba min ɗaya motar ya kwance tof silinda, ya ce gaskit ya ƙone, tof ɗin kuma ya lanƙwashe. Shawararsa kada in ɓata kuɗina: a sauke injin gaba ɗaya, a sayo na Toyota ko Nissan ɗan Beljiyam da giyabos ɗinsa a ɗora. Hujjarsa ita ce kayan Fijo na gaske sun ƙare a kasuwa, masu gyaranta sun tsufa, ga injin da shan mai. Mutumin kirki ne, bai taɓa cutata ba, amma da bakinsa ya gaya min a kan motocin Japan ya koyi aiki.

Maganar ba ta kwanta min ba. Da ƙarar injin nan muka tashi, tun daga kan kwana muke gane Baba ya dawo. Amma kuma ba na son wannan ya rufe min ido in yi ta zuba kuɗi a abin da ba zai tashi ba. To, injin nan yana gyaruwa ya koma ƙalau, ko gaskiyar makanikin ce? In yana gyaruwa, me zan tsaya a kai in tabbatar an yi?

Sai kuma abubuwan da na daɗe ina sha'awa, tunda ga mota a buɗe. A hanyar Zariya in na kai 100 injin yana kuka sosai, hannuna yana neman giya ta biyar babu. Ana iya sa mata? Kwantak, wato abin da ke yanke wutar da ke zuwa fulogi, ma ya ishe ni, kullum sai an goge an saita. Kuma akwai mazaunin kwamfiresa na AC amma an cire shi tun da daɗewa, iyali suna so a mayar.

Baba Kakuri:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. A kan 404 na koyi aiki, da aikin 504 na aurar da 'ya'yana, saboda haka bari in gaya maka abin da na sani.

Kafin komai, je ka yi wa makanikin nan tambaya ɗaya: bayan ya ɗage tof, ya juya injin ko bai juya ba? Daga amsar za ka san girman aikin da ke gabanka.

Ga dalili. Injin da ke motarka shi ake kira XN1, cc 1971, yana zaune a karkace. Bulok ɗinsa na ƙarfe ne, tof na alminiyam. Fistan ba a jikin bulok yake gudu ba kamar na motocin da yaron naka ya saba da su. Kowane fistan da silif ɗinsa, wani bututun ƙarfe da ake zurawa a zare, kuma ruwan sanyaya inji yana zagaye da shi kai tsaye. A gindin kowane silif akwai siririn sil na takarda, shi kaɗai ya raba wannan ruwan da baƙin man da ke ƙasa. Abin da ke danne silif a mazauninsa shi ne tof da kusoshinsa goma. Da an ɗage tof, babu mai riƙe shi. In aka juya kuranshaf, fistan zai ɗaga silif ko da ɗan kaɗan ne, sil ya yage ko datti ya shiga ƙarƙashi. Sai a sa sabon gaskit a ɗaure a tayar, ba a jima ba ruwa ya koma cikin mai, a ce Fijo ba ta gyaruwa. Motoci da yawa a haka suka mutu, ba don injin ya gaji ba.

Mu ba ma ɗaga tof sama tsaye, don gaskit yana manne da bakin silif, zai taho da shi. Karkata shi muke yi gefe har ya rabu. Yana sauka sai mu danne silif ɗin da manyan wasa da kusoshi kafin kowa ya taɓa fuli.

Kuma ko bai juya ba, ni da motata ce sai na zare su huɗun na duba. Mota mai shekara fiye da 40 tana shan ruwan famfo, tsatsa ta ci mazaunin silif a cikin bulok, mai yiwuwa ma ta nan ruwan ya fara bi, gaskit daga baya ya ƙone. A wanke mazaunin tas a duba shi da haske. In sumul yake, alhamdu lillahi. In tsatsa ta yi masa ramuka, kada a yarda a cike da gam, a nemi wani bulok. Ka shiga Panteka ko Ƙofar Ruwa a Kano da wanda ya san kaya, za ka samu.

Maganar kaya sun ƙare, ban yarda da ita ba. Masana'antar Kakuri a Kaduna ta fara haɗa Peugeot a 1975, kuma 504 ba a daina haɗa ta a ƙasar nan ba sai wajen 2006, shekara fiye da 20 bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983. Wannan injin kuma shi aka ɗora wa 505 da yawa. Gaskiyar da ke cikin maganarsa ita ce jabu ya yi yawa, musamman gaskit da famfon ruwa da ringi. Wannan kuwa a kowace mota haka ne yanzu.

Abin da yake gani aibu, shi ne alherin injin. Ana sayar da silif da fistan da ringi a saiti ɗaya. Ka zare tsofaffi ka zura sababbi, ba ka kai bulok wurin mai boriya ba, inji ya koma ma'auninsa na farko. Sai dai akwai aiki ɗaya da ba a yi da ido. Dole bakin kowane silif ya ɗara fuskar bulok da kusan kashi 1 cikin 10 na milimita, kuma su huɗun su zo kusan daidai da juna, don tof ya danne su baki ɗaya. Shi ya sa sil ɗin gindin yake zuwa kauri daban daban, kowane da alamar kalarsa. Ana zura silif, a auna, a sauya sil, a sake aunawa. Duk makanikin da ya ce maka ya saba, ba ya bukatar ma'auni, ka ɗauke injinka daga wurinsa.

Tof ɗin a ɗora masa ƙarfe miƙaƙƙe a zura fila geji, wato siririn ƙarfen auna tazara, a ga yawan lanƙwasar, a kuma gwada shi da iska ko ya tsage. In kaɗan ne a goge fuskar kaɗan. In an taɓa goge shi a baya, gara wani, don in ya yi siriri da yawa inji zai riƙa ƙwanƙwasa a hawa da man da muke samu. Tunda ruwa ya gauraya da mai ya zagaya, a sauke kaskon mai a duba metal ɗin da kuranshaf ke juyawa a kai, a auna kuranshaf ɗin. Sarƙar taimin da abin da ke ɗaure ta a sauya su yanzu da inji yake ƙasa. Fulogin wannan inji a cikin dogayen bututu suke, a sa musu sababbin roba don kada mai ya cika ramin.

A ɗaure tof da sifana mai ma'auni, daga tsakiya zuwa gefe. Bawul a saita su inji na sanyi: na shiga milimita 0.10, na fita 0.25. Ka tuna Faransawa daga wajen giyabos suke fara ƙirga silinda ta ɗaya. Bayan kilomita 1,000 na farko ka koma a sake ɗaure tof da sanyi, a sake saita bawul. Wannan komawar ita mutane suke tsallakewa.

Duk wannan aikin banza ne in ba a gano abin da ya kawo zafin ba. Ka ce tana zafi a cunkoso ta huce a hanya. Fanka ke nan. Fankar 504 ba kullum take kamawa ba, akwai maganaɗisu a jikin fulin famfon ruwa, da ɗan gawayi mai kai masa wuta, da suwic a jikin lagireto da ke kunnawa in ruwa ya yi zafi. Gawayin yana cinyewa, suwic yana mutuwa, fanka ta riƙa juyawa a sake kana ganin kamar tana aiki. A gyara shi in an samu kayan. In ba a samu ba, akwai sukurori uku da ake ɗaurewa ta kama dindindin, a zafin Arewa ba laifi ba ne. Lagireto na tagulla ne, a kai wa mai gyara ya buɗe shi ya zurara kowace hanya, ba wankin tiyo kawai ba. In an jefar da tamostat, kuma na san an jefar, a mayar da mai buɗewa a digiri 75. Ruwan kusan lita 8 take ci, a sa kulant da ruwan batir marar asid, a rabu da na famfo da na rijiya.

Sauya inji kuwa, ka leƙa ƙarƙashin motar ka ga abin da zai hana. Daga bayan giyabos har aksul na baya wani katon bututu ne ɗaure da kusoshi, furofela a cikinsa take juyawa. Inji da giyabos da bututun da aksul duk jiki ɗaya ne, mazaunin inji biyu ne kawai a gaba, bututun ke riƙe da sauran. Ka kawo giyabos na wata mota, bututun ba shi da wurin kamawa, sai a yanke shi a soma walda. Daga ranar motar ta daina tafiyar da ka san ta da ita.

Mai Wagon Unguwa Uku:

Baba Allah ya ƙara girma, ban isa in ja da kai a aikin Fijo ba. Amma ɗan'uwa, bari ka ji daga wanda ya sauya.

Tawa wagon ce, da ita nake ɗaukar kaya da fasinja tsakanin Kano da kasuwannin ƙauye. Injin Toyota 3Y na tsohuwar Hiace ke ciki, kuma ban yi nadama ba. Dalilina ɗaya ne. In ta tsaya min a Ɗambatta ko Gaya da yamma, yaron makaniki na bakin titi ya san 3Y, mai shagon kaya yana da fulogi da famfon mai. Aikin auna silif da Baba ya faɗa gaskiya ne, amma masu iya shi ƙalilan ne, kuma ni in mota ta kwana uku a gareji gidana ne ke ji.

Sai dai ba yadda makanikinka ya kwatanta ake yi ba. Ni giyabos na Fijo na bari, saboda bututun nan da Baba ya ambata. Mai tona, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, shi ne ya yanka farantin ƙarfe ya haɗa injin da giyabos, aka yi dabarar kuloci. Injin Toyota a tsaye yake, ba a karkace ba, sai da aka sauya kaskon mai don kada ya taɓa ƙarfen ƙasa da sitiyari, aka rage tukunyar iska don bonet ya rufu, aka sake salansa, aka ƙera mazaunin inji. Da na haɗa kuɗin inji da na mai tona da mai walda da riwaya, bai gaza kuɗin gyaran na asali ba. Ga zirga-zirgar gyara takardu, don lambar inji ta sauya, in ba ka gyara ba kai da jami'an hanya ne kullum.

Shan mai kuwa, kada a ruɗe ka. 3Y ma kafireto ne, cc ɗinsu kusan ɗaya, bambancin bai taka kara ya karya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa lissafin lita yake yi, na sani. Wanda yake son ragi na sosai sai dai ya sa injin zamani mai kwamfuta, wannan kuma wayoyi ne da famfon cikin tanki, wani babin daban. Ko kuma gas na CNG, wanda injin kafireto yake karɓa, amma tukunyar za ta cinye maka but, kuma matsin iskar ciki yana kai bar 200 a ma'aunin matsi, sai a cibiyar da aka amince da ita, ba tukunyar da aka ƙera a bakin titi ba. Motar da ke fita Juma'a zuwa Juma'a ba za ta mayar maka da kuɗin ba.

In da tawa irin taka ce, salun GL mai kujerun asali, ta gado, ba zan taɓa ta ba. Wagon ɗina tana da ƙarfi amma tana karkarwa a tsaye, kuma laushin nan na da ya tafi.

Elhadji na Maraɗi:

Salamu alaikum jama'a. Gaisuwa ga Baba, duk abin da ya hwaɗi haka yake. Nan wajenmu bashe da familiyal na 504, wato a-kori-kura da wagon, sun yi shekaru suna ɗaukar mutane da buhuna tsakanin Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, kuma garejin da munka taso ciki da ma'auni aka sa shemiz, wato silif, ba da ido ba. Bari in amsa ma sauran tambayoyin da ka yi.

Giya ta biyar shina yiwuwa, kuma shi ne gyaran da ya fi kowane daɗi a doguwar hanya. Giyabos ɗinka BA7 ne mai huɗu. Akwai ɗan'uwansa mai biyar a jikin 505 mai irin injinka, da 504 na ƙarshe ƙarshe. Wajen inji yana kamawa ba walda. Wahalar tana baya, don tsawonsu ba ɗaya ba ne. Kada ka sayi giyabos shi kaɗai. Ka samu motar da anka kwance, ka ɗauko shi da bututunsa da furofela da sandar giya da wayar sifidomita, ka auna da tef kafin ka biya kuɗi. Ka kuma dubi bayan motar da anka ciro shi. GL irin taka kowace tayar baya da shaf ɗinta mai roba, ita kuwa wagon da bashe aksul ɗaya ne miƙaƙƙe, kuma bututun wagon ba irin naka ba ne, nata da mahaɗi mai lanƙwasa a bayan giyabos. Haƙoran bakin furofela ka duba su da kyau, in sun cinye za ka riƙa jin ƙwas duk sanda ka saki totur. A sa musu giris kafin a rufe, da boris ɗin da ke tsakiyar bututun.

Abu guda da yara ke kuskurewa: wagga giyabos baƙin man inji take sha, ba man giya mai kauri ba. Mai kaurin, 80W-90, na aksul ne.

Kwantak, in za ka ci gaba da shi, tazararsa milimita 0.40, ta fulogi 0.6, kuma sau da yawa kwandensa na jabu ne ke ƙone shi da wuri. In ka gaji, 505 na baya masu wannan inji sun zo da dilko, wato mai raba wa fulogi wuta, marar kwantak, da ɗan akwatinsa da kwayil. Ka ɗauko ukun tare daga mota ɗaya, a saita wuta da fitilar taimin. Tsohon dilkon ka naɗe shi cikin tsumma ka aje a but, ranar da akwatin ya mutu a daji shi zai kai ka gida.

AC ka bar shi sai ƙarshe, sai motar ta ci bazara guda allura ba ta motsa ba. Sannan a sa kwamfiresa na zamani irin Sanden, ya fi tsohon sauƙi ga inji, da sababbin tiyo don gas ɗin yanzu ba na da ba ne, da fankar lantarki a gaban kwandensa, da altaneta mai ƙarfi.

Mota ce da ta ci gasar Safari a Kenya a 1975, ta ci ta Maroko da ta Bandama a Kodebuwa a wannan shekarar. Ƙafafunta don hanyoyinmu anka yi su, kada wani ya ce ma a yanke sifirin a saukar da ita ƙasa don ado.

'Yar Gidan Direba:

Sannunku. Kowa yana maganar inji, ni birki ne ya dame ni, tunda ka ce da iyali kake hawa hanyar Zariya. Mahaifinmu direban wagon ne, ni kuma 505 nake ja har yau.

Ɗan'uwa, GL da yawa birkin faifai ne da su gaba da baya. Na bayan su ne ke maƙalewa in mota tana yawan zama, saboda birkin hannu a cikin kalifa yake, kuma fistan ɗinsu sai an ɗan murɗa shi kafin ya koma, ba a danna shi da ƙarfi. Akwai kuma wani bawul a ƙasa wajen tayoyin baya mai rage musu ƙarfin birki in ba kaya a motar. In ya daskare, ka taka birki da ƙarfi baya ya kulle motar ta juya. A sauya tiyon roba na birki duka, a zubar da tsohon man a sa sabo.

Taya kuma ka duba lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Motar da ba ta yawo tayarta ba ta cinyewa, tsufa take yi ta tsattsage. Ma'auninta na asali 175 R14. In ba ka samu ba, 185/75 R14 ta fi kusa da tsayinta. Kada a sa maka ta bas mai harafin C, za ta ƙwace maka laushin motar. Rim ɗinta ƙusa huɗu ne masu tazarar 140, na yawancin motocin yanzu ba sa shiga, saboda haka ka riƙe naka da kyau.

Ɗan Tudun Wada:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Baba, na je garejin da safe na tambaye shi. Ya juya. A gabana ma ya yi ranar farko, ya sa sifana a fuli yana nuna min yadda fistan ke hawa da sauka. Da na karanta masa bayaninka sai ya ɗauko tocila ya haska, muka ga silif na kusa da lagireto ya ɗan fi sauran tsayi. Bai yi musu ba, ya ce shi bai taɓa haɗa irin wannan injin ba, kuma yana so ya tsaya ya gani in an samu wanda ya iya. Tamostat babu shi, kamar yadda ka ce. Gawayin fankar ma ya cinye har wayar ta fito.

Na yanke shawara injinta zan gyara. Yaya, na duba tayoyin, biyu na 2014 ne, za su sauka kafin ta sake hawa titi, da birkin. Giya biyar da dilko sai injin ya zauna, Elhadji. Malam na Unguwa Uku, na gode da ka faɗi ɓangarenka ba ɓoye komai.

Saura abu biyu, Baba. Ta yaya zan gane makanikin da ya iya da gaske, tunda kowa cewa zai yi ya iya? Kuma in na samu inji sukutum na 505 a kasuwa da araha, in ɗora shi kawai ba zai fi sauƙi ba?

Baba Kakuri:

Madalla da yaron nan da ya ce bai sani ba. Ka riƙe shi, ka bar shi ya tsaya a kan aikin, nan gaba shi zai riƙa duba maka ita.

Gane mai iyawa ba wuya. Ka je inda tsofaffin direbobin Fijo suke zama a tasha ka tambaye su wa ke haɗa musu inji, za ka ji suna ɗaya ko biyu suna maimaituwa. In ka same shi kada ka gaya masa abin da na ce. Ka tambaye shi yadda yake zaunar da silif, ka yi shiru. In ya kawo maganar sil mai kauri daban daban da kansa, ya buɗe akwati ya nuna maka abin aunawa da sifana mai ma'auni, shi ne. Ka kuma lura da inda yake haɗa inji. In a ƙasa ne cikin yashi, a'a. Kayan ku je ku saya tare, ya zaɓa kai ka biya, tsofaffin da aka cire a ba ka abinka.

Injin 505 na kasuwa zai hau, in XN1 ne. Ka kula, akwai 505 masu wani inji daban mai bel ɗin taimin, irin na GTI, wannan ba naka ba ne. Amma injin da ke zube a shago ba ka san ruwan da ya sha ba, shekarunsa kusan na naka ne, kuma in ka ɗora shi ba ka buɗe ba, caca ka yi. In araha ne ka saye shi don kaya: ka samu tof na biyu, da bulok in naka ya ci, da kuranshaf, wataƙila har dilkon da Elhadji ya faɗa maka. Bulok ɗin mahaifinka kuwa, in mazaunin silif lafiya yake, shi za a mayar, lambarsa ce a takardun motar.

In an tayar, baƙin mai 20W-50, kusan lita 4. Ka zubar da na farko da wuri tare da filta, don ragowar ruwa da dattin aiki su fita. A kilomita 1,000 ɗin nan kada ka wuce 80, kada ka bar ta tana jan giya babba a hawa, kuma kowace safiya kafin ka tayar ka buɗe lagireto ka zaro ma'aunin mai ka duba kalarsa. In an zare silif ɗin, ɗauki hoton mazauninsu a cikin bulok bayan an wanke ka sa mana a nan, in gani kafin ka sayi komai.